Man da Ba Ya Raguwa

Ku samarin yanzu da kuke shigowa gareji da hannu a aljihu kuna cewa, "Baba, mai kawai za a duba," wannan "kawai" ɗin ita ta sa na ɗauki biro. Ban gama elementare ba, saboda haka mai neman zaƙin Hausa ya nemi wani. Ni bakanike ne, ƙarfe da mai na sani. Kuma na ga mutumin da ya fi ku kula nesa ba kusa ba, wanda yake duba mai kowace safiya kamar salla, amma man ya cinye shi da ransa.

Na shiga kanikanci a hannun Baba Gado, nan Bagudo, gab da samun mulkin kai. Asalinsa ɗan maƙera ne. Ya tsere wa zuga-zugin ubansa ya tsallaka Dahome, wadda yanzu kuke ce wa Binin, ya yi aiki da Faransawa har furfura ta fara fito masa, sannan ya dawo gida. Garejin ba komai ba ne illa gindin wata tsamiya, da rami da muka haƙa don shiga ƙarƙashin mota, da akwatuna biyu na sifanu. Ɗaya na motocin Ingilishi, ɗaya na motocin Faransi, don notinsu ba awo ɗaya ba ne. In ka sa sifanar wannan a notin wancan, za ka cinye masa kai, Baba Gado kuma ya cinye naka. Na daɗe a wurin ban taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsumma aka ba ni, aka ce in iya shi tukuna.

Aikin farko da na yi da hannuna awon baƙin mai ne a wata tsohuwar mota mai ɗaukar gyaɗa. Direban ya kashe ta ke nan, na zaro sandar awo, na ga mai har sama, na ce ya cika. Baba Gado ya karɓi sandar ya shauɗa mini a gadon baya. Sai da na gama sosawa ya kira sunana ya ce, "Maidamma, zarowar farko ƙarya ta." Injin da ya gama gudu ya watsa mai ko'ina, har jikin sandar. Sai ka bar shi ya huta, kamar tsawon alwala da salla, man ya gangaro ya kwanta. Ka zaro, ka goge da tsumma mai tsabta, ka mayar da ita har ta zauna daram, sannan ka sake zarowa. Kada ka ɗaga ta sama kamar mashi, man ya zuraro ya ruɗe ka. Zane biyu ne a jikinta. Ƙasa da na ƙasa yunwa ce. Sama da na sama kuwa ƙoshi ne mai kisa, don mai in ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuma ba ta shafa ƙarfe. Bayan ido sai yatsa, ka murza ka ji ko da tsakuwa. Bayan yatsa sai hanci.

Duk wannan banza ne in motar a karkace take. Baba Gado yana da wata ƙwarya da yake zuba wa ruwa ya ɗora a kan bodin mota. In ruwan ya jingina gefe guda, sai mu tura motar gaba ko baya har ya daidaita. Direbobi suna yi masa dariya, wai bokanci yake. Su a mashigi suke duba mai, lokacin da suke jiran jirgin fito, don a nan ne suke da lokaci. Mashigi kuwa gangare ne, hancin mota yana kallon gulbi, ɗan man da ya rage duk ya taru wuri guda. Wani direba ɗan Kurgu haka ya duba nasa ya ga ya cika, ya tsallake, bai yi nisa ba injin ya buga. Da muka buɗe, ciki ƙaf kamar tukunyar gwauro. Har ya mutu yana cewa asiri aka yi masa.

Giyabos, wato akwatin giya, na manyan motocin wancan zamani ba shi da sandar awo. Noti biyu gare shi, ɗaya a haƙarƙari, ɗaya a ƙasan ciki. Kowane direba ya san na haƙarƙari: ka kwance, ka zura ɗan yatsa, in ka taɓo mai a bakin ramin, ya cika. Na ƙasa ba wanda ya damu da shi. Amma ruwa ya fi mai nauyi. In ya sami hanya ya shiga, ƙasa yake kwanciya ya ɗago man sama, yatsarka ta yi ta gaya maka lafiya lau. Shi ya sa Baba Gado, duk motar da ta kwana wurinmu, da safe kafin a tashe ta sai ya sassauta notin ƙasa kaɗan ya tara tafin hannu. Ɗigon farko shi ne mai gaskiya. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin Jabbi yake.

Jabbi Bafulatani ne daga rugagen bayan Kaoje. Dogo, ba shi da yawan magana sai in ya ga Baba Gado, don tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa tun na kaka da kakanni. Ubansa ya rasu ya bar masa garke, ciwo ya shiga ya ɗebi rabonsa. A daidai lokacin ne 'yan siyasa suka yi ta yawo da lasifika suna cewa mulki ya dawo hannunmu, hanya na zuwa, gada na zuwa kan gulbi, mai mota shi ne sarkin gobe. Jabbi ya yi lissafinsa, ya ga ƙarfe ba ya kamuwa da ciwon shanu. Ya kora abin da ya rage kasuwa, bai bar ko maraƙi ba. Kawunnansa suka ce wanda ya sayar da garken ubansa ya sayar da kabarin ubansa, suka daina amsa gaisuwarsa. Ya tsallaka Dahome ya sayo babbar mota daga hannun wani Bafaranshe mai haɗa kayansa zai koma gida. Sitiyarinta a hagu, bodinta na katako. Ya sa mata suna Nagge, wato saniya da Fillanci. Ya ɗauki direba na rani guda, ya koya, ya sallame shi.

Ranar da ya fara shigowa da ita gareji, ya leƙo ta taga ya ce, "Ina bawan nan nawa? Maƙeri, taso ka gai da uwar gijiyarka."

Baba Gado bai ɗago daga aikin da yake yi ba. Ya ce, "Wa ya ba ɗan daji ƙarfe? Sauko kafin ta kashe ka. Ka san inda bakinta yake, ko ciyawa ka kai mata?"

"Ta fi ka asali. A Faransi anka haife ta."

"Ni ma na sha ruwan Faransi."

"Ka sha na wanke ƙafarsu dai."

Suka yi dariya, Baba Gado ya ce in nuna masa awon baƙin mai. Sau ɗaya na nuna. Ban taɓa ganin wanda ya riƙe abu kamar Jabbi ba. Ya sami ƙwaryarsa shi ma. Tsummansa a ninke cikin aljihun riga, ba ya bari ya taɓa ƙasa. Kafin mai ya yi baƙi ƙirin ya zo an juye. Man giya kuwa ya ce Bafaranshen ya koya masa da yatsa, shi yake dubawa da kansa, kada mu wahala. Motar ba ta taɓa kwana wurinmu ba, don Jabbi ba ya barin ta kwana inda ba ya jin motsinta.

Ta yi masa aiki. Shinkafa da busasshen kifi daga Kaoje, gishiri da atamfa daga bakin iyaka, kayan 'yan kasuwa da za a fitar a jirgi zuwa Dole Kaina. Hanyar da aka yi alkawari ba ta zo ba, amma Nagge ta bi turbar jakai ta mai da ita hanya. Har aka fara cewa ɗaya daga cikin kawunnan nasa ya amsa masa sallama a kasuwa.

Wata safiya da kaka ya zo da sassafe a juye baƙin mai. Daga mashigi ya hauro da ita, a can ya kwana. Ina cikin rami, na ɗaga kai na ga jikin giyabos yana naso kamar kowane tsohon giyabos. Na ce, "Malam Jabbi, wa ke sayar maka da man giya? Ban taɓa ganin ka saya nan ba."

Ya tsuguna bakin ramin yana murmushi. Ya ce, "Ban taɓa saye ba. Nata ba ya raguwa. Kullum in na sa yatsa cike yake, wani lokaci har ya biyo hannuna. Kuma ka ga na wasu baƙi ne? Nata har haske yake, kamar man shanu sabon kaɗi. Akwai saniyar da Allah ke yi wa haka, Maidamma. Kana tatsa tana ƙaruwa."

Baba Gado yana wasa wani ƙarfe. Na ji ya tsaya. Ya zo ya ce in fito, ya shiga ramin da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba saboda gwiwa. Ya bar ta ta huce tukuna. Sannan ya sassauta notin ƙasa ya tara hannu. Abin da ya fara zubowa ruwa ne ja, mai tsatsa. Bayansa wani abu ya biyo fari-fari mai kauri kamar kindirmo, da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki.

Ya fito ya nuna wa Jabbi tafin hannunsa. Bai ce ɗan daji ba. Ya ce, "Jabbi, ina kake kai ta?"

"Ba ko'ina. Aiki, sai gulbi."

"Gulbi mi?"

"In munka dawo da yamma tana huci, jikinta kamar wuta. Sai in shiga da ita inda ruwa bai da zurfi, har ya taɓa mata ciki, ta sha sanyi, in wanke ta. Haka muke wa shanu in sun sha tafiya. Ban bari ya kai hancinta, na san injin ba ya son ruwa."

Ku da kuke dariya yanzu, ku gaya mini wanene a cikinku ya san abin da zan faɗa. A saman giyabos akwai wata 'yar kafa da yake numfashi da ita. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo abin da ke kusa, ta wannan kafa da ta bakin roba da ta tsufa. Kowace yamma Nagge tana kurɓar gulbi kaɗan-kaɗan. Mai yana zuba ta naso, ruwa yana maye gurbinsa, yatsa tana cewa ya cika. Ba wanda ya gaya masa, don ba wanda ya san yana yi. Bafaranshen da ya koya masa yatsa bai taɓa kiwon saniya ba, balle ya yi tunanin wani zai kai mota wanka.

Muka wanke cikin da kananzir, muka zuba sabon mai. Da ya ja ta, sai ga wani kuka siriri a giya ta biyu da ta uku, wanda kindirmon nan yake rufewa a da. Baba Gado ya ce tsatsa ta riga ta ci haƙoran giyar da ƙwallayen da suke juyawa a kai. Ya ce, "Kaya kaɗan. Tudu kawai, ban da fadama, ban da laka. Ka lallaɓa ta har in samo mata wasu."

Ya tsallaka da kansa har Kandi ta Dahome, wurin waɗanda ya yi aiki da su. Ya tarar da sito a kulle. Turawan da za su tafi sun sayar mana da motocin, kayan gyaran kuwa sun bi su jirgi. Wani ya ce sai bakin teku, wani ya ce ai an daina ƙera irinta tun tuni. Mulkin kan da na gani da idona ke nan: an ba mu doki, an tafi da linzami. Jabbi ya yi ta lallaɓawa rani guda, yana ɗaukar rabin kaya, abokan sana'a suna yi masa ba'a wai saniyarsa ta tsufa.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya sauko da wuri, gulbi ya cika ya haura fadamar Kaoje shinkafa tana tsaye ba a yanka ba. Mutane suka shiga da kwalekwale suna yankan kan shinkafar, suna tarawa a kan 'yan tsibirai da ruwa ke ci kullum. Jakai ba sa iya lakar. Sauran motocin duk suna hayin gulbi, jirgin fito ya daina aiki. Nagge kaɗai ce a wannan gefe.

Jabbi ya zo gareji a ƙafa. Ya zauna kan wata tsohuwar taya. Sannan ya ce, "Baba, masu shinkafa sun zo wurina. Har da kawu."

Baba Gado ya ce, "In ka shiga lakar nan da kaya, ba ta fitowa."

"Na sani."

"To mi kaka so in ce maka?"

"Ba komai. Na zo ka duba mata mai."

Ni na je na duba. Baƙin mai yana daidai kan zanen sama. Na sassauta notin ƙasa, ɗigon farko mai ne tsantsa. Ba abin da ya rage wanda awo zai gyara.

Ta yi ta ɗiba. Na bi shi sawu biyu don in taimaka da turi, kukan nan ya zama gurnani, gurnani ya zama kamar ana niƙa tsakuwa. Jabbi yana tuƙi yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Ta fitar da mafi yawan shinkafar nan kan tudu. A wani hawa, da buhuna har saman bodi, muka ji ƙas, kamar an karya ƙashi. Injin ya ci gaba da gudu lafiya lau, motar kuwa ta tsaya. Shanun mutane ne suka jawo ta har gindin tsamiyarmu.

Baba Gado bai haƙura nan take ba. Ya koma sana'ar ubansa, ya hura wuta, ya ƙera haƙora ya liƙa, ya yi ta gogawa har hannunsa ya fashe. Haƙoran suka kai ta daga gareji zuwa bakin kasuwa, suka zube. Ƙarfen giya ba irin na fartanya ba ne. Waɗanda aka ceci shinkafarsu sun kawo abin da suka iya, kowa da ɗan kwanonsa. Shekarar ba ta bar wa kowa abin kirki ba, kuma ko sun cika masa rumbu, shinkafa ba ta zama haƙorin giya.

Motar ta zauna. Kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Jabbi yana zuwa ya ta da injin ya saurara, ya kashe. Baba Gado ya gaya masa gaskiya, cewa injin da ba ya aiki shi ma lalacewa yake, batir zai mutu, tayoyi za su tsage, wata rana ya zo ta ƙi tashi.

Bayan sallar azahar wata ranar kasuwa ya zo da wankakkiyar riga. Ya ce, "Maƙeri, a wurinmu saniya in ta karye, ba a barin ta ta mutu da kanta. Yankawa ake tun tana da rai, kada ta zama mushe. Ɗauko sifanunka."

Baba Gado ya ɗauko akwatin Faransi. Jabbi ya hau ya ta da ita. Ta tashi bugu ɗaya. Ya bar ta ta yi ɗumi, yana zaune da hannunsa a kan sitiyari, mu muna tsaye. Sannan ya yi bisimilla ya kashe. Ya sauko ya shiga ramin da farar rigarsa, ya ce in miƙo masa sifana, shi zai kwance notin baƙin mai. Man ya zubo da zafinsa cikin daro. Ya tsaya har ɗigon ƙarshe.

Muka fiɗe ta kafin la'asar ta wuce. Tayoyi suka tafi amalanke, katakon bodi ya zama ƙofofi, maƙera suka kwashi sifirin, dogayen ƙarafan ƙarƙashinta, don yin adduna. Da muka buɗe injin don mai saye ya gani, Baba Gado ya zura yatsa ya shafa cikinsa, ya ce tunda yake bai taɓa buɗe tsohon inji mai tsabtar wannan ba. Ko ƙwarzane babu. Wani ɗan kasuwa ya saye shi ya kafa a Kaoje yana casar shinkafa.

Abin da aka samu bai sayi garke ba. Jabbi ya koma daji yana kiwon shanun wani attajiri, ana ba shi abin da ake ba makiyayin haya. Baba Gado bai ƙara ce masa ɗan daji ba har ya rasu, shi ma bai ƙara cewa bawana ba. In sun haɗu sai gaisuwa irin ta baƙi.

Yanzu kuna kawo mini motoci masu sauya giya da kansu, masu man giya ja, waɗanda ake aunawa injin yana aiki kuma da ɗuminsa, saɓanin duk abin da na faɗa a kan baƙin mai. Rabinku ba ku san ma sanda biyu ce a ciki ba. Wani ya zuba man giya a injin, ya zo yana yi mini tsawa. In na ce a bar mota ta huce, ku ce tsoho yana ɓata muku lokaci. In na tambayi inda motar take kwana da inda ake wanke ta, ku ce ina ruwana.

Bara aka kira ni Kaoje in gyara bel ɗin injin casar nan, don har yanzu yana aiki. Mai shi ya ce akwai wani tsohon Bafulatani da ya dame shi, duk lokacin da ya biyo da shanu sai ya shigo ba sallama, ko in yi masa magana tunda an ce na san shi. Muna cikin haka sai ga shi. Ya rame, gemu ya yi fari. Bai gan ni ba, ina tsugune bayan buhuna. Injin a kashe yake tun safe. Ya jingine sandar kiwonsa, ya zaro sandar awo, ya goge da wani tsumma da ya fitar daga aljihu, ya mayar har ta zauna, ya sake zarowa. Ya kai ta bakin ƙofa wurin haske ya duba, ya murza tsakanin yatsu.

Ya ce, "Tana ƙoshe."

Ya mayar da ita, ya ninke tsummansa, ya ɗauki sandarsa ya bi shanun mutane.